Layin Gida da Layin Data: Zaɓen Sim a Ƙasar Bakolori

Duk tallan da kamfanonin waya ke yi a rediyo da allunan bakin titi, tambaya ɗaya yake amsawa: gigabait nawa a kan naira nawa. Ga mazaunin Abuja ko tsakiyar birnin Kano wannan tambaya ta wadatar, domin kowane layi ya sa a wayarsa zai kama, abin da ya rage sai ciniki. A ƙasar Bakolori farashi yakan zo na uku ko na huɗu. Abin da ake fara tambaya shi ne a ina layin yake kamawa, da wane lokaci, kuma idan dare ya raba aka ji rurin babura daga wajen daji, kiran zai shiga ko ba zai shiga ba.

Bakolori sunan madatsar ruwa ce da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. Tafkinta ya miƙa ta wajen Maradun, magudananta kuma suka gangara zuwa filayen Talata Mafara da Bakura, inda aka tsara shayar da kimanin hekta 23,000. Shinkafa da masara da dankali da tumatir da albasa na fita daga nan zuwa kasuwannin Gusau da Sakkwato da gaba da su. Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba baya ba ne a siyasar Zamfara, don kowacce ta ba jihar gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk da haka, wanda ya sauka daga kwaltar Gusau zuwa Sakkwato ya nausa ƙauyuka zai ga sandunan sabis na wayarsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya tun bai yi nisa ba.

Akwai wani malamin gona da ke aiki da ƙungiyoyin manoman rani a yankin. Gidansa yana cikin Talata Mafara, gonakin da yake zagayawa suna ta wajen Bakura, mahaifinsa kuma yana wani ƙauye a ƙasar Maradun, ya ƙi tashi duk da lallashin da 'ya'yansa suka yi. Shekara da shekaru ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Aiki ne ya tilasta masa sayen babba: yanzu ana son rahoto da hoton gona, ana son alamar wurin a taswira, kuma umarnin ofis ya koma zauren WhatsApp, wanda bai gani ba shi ya so. Ya tara kuɗi ya sayi Tecno, irin wayoyin kamfanin Transsion na Shenzhen da suka mamaye kasuwar Afirka saboda sun fahimci abin da manyan kamfanoni suka raina, wato ramin sim biyu da batir mai jure rashin wuta. Mai shagon ya miƙa masa kwalin ya ce, “Malam, wane layi za a sa maka?” Sai da ya kwashe kusan mako uku kafin ya ba da amsa.

Abin da ya jinkirta shi sanin aikinsa ne. Duk wanda ya yi noman rani a Bakolori ya san ruwa ɗaya ake saki, amma ba ɗaya ake samu ba. Mai gona a bakin babbar magudana yana sha har ya yi ɓarna, na can wutsiya yana jiran abin da ya rage, idan ciyawa da yashi ba su tare shi a hanya ba. Sabis ma haka yake. Daga turken sadarwa yake fitowa, yana raguwa da nisa, tudu da gini da itatuwa suna cin rabonsu. Kuma kowane turke yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda. Shi ya sa ranar Talata, idan kasuwar garin ta cika, mutum zai ga sanduna huɗu cif a wayarsa amma hoto ɗaya ya gagara tafiya. Sandunan suna nuna kusancin turke ne kawai, ba sa faɗin yawan mutanen da suka rigaya suka kafa bokiti.

Sai kuma zangon da kamfani yake watsa sabis ɗinsa a kai. Ƙananan zango, irin su megahaz 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa suna ratsa katangar ƙasa. Manya, irin su 1800 da 2600, sun fi ɗaukar kaya amma numfashinsu gajere ne. Don samun zangon 800 ne MTN ta sayi kamfanin Visafone a 2016. Glo kuma ta fara 4G ɗinta a kan 700, lokacin da wayoyi da yawa a kasuwa ba su san wannan zango ba, har mutane suka riƙa zagin layi alhali wayarsu ce kurma. Wanda zai sayi waya don amfanin karkara, lambobin zangon da ke rubuce a takardar cikin kwali sun fi masa amfani a kan yawan idanun kyamara. Tambarin 5G kuwa, a nan ado ne. An yi gwanjon lasisinsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ta buɗe shi a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma a manyan birane aka kafa shi. Manomin da ke neman kira ya shiga a 2G ba shi da abin yi da shi.

Akwai wani abu da 'yan birni ba su cika lura da shi ba. Yawancin turakun ba na kamfanonin layin ba ne. Sun sayar da su ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da ATC, suka koma 'yan haya. Turke ɗaya yana iya ɗauke da kayan kamfani biyu ko uku, duk suna shan wuta daga janareta ɗaya. Janaretan yana son dizal, dizal yana son mota, mota tana son direban da zai yarda ya bi hanyar da ake tare mutane. Idan man ya ƙare ko aka sace batura, layukan da ke kan turken tare suke mutuwa. Saboda haka sim biyu a waya ba kullum yake nufin mafita biyu ba. Yana amfani ne idan layukan biyu daga turaku daban suke sha, kuma wannan ba a taswirar talla ake ganinsa ba.

Malamin gonar bai duba taswira ba. Masu POS ya tambaya, domin su ne suka fi kowa sanin gaskiyar sabis: duk cinikin da ya maƙale asararsu ce, kuma da yawansu suna ajiye layi biyu ko uku suna sauyawa kamar mai sauya giya a hawan tudu. Ya tambayi masu shagon caji, waɗanda wayoyin unguwa kaf ke kwana a hannunsu. A gonaki kuma ya riƙa aron wayar manoma yana kiran tasa, da safe da rana da bayan Magariba. Abin da ya samu bai yi kama da amsar da za a rubuta a allo ba. Layin da ya fi ƙarfi a cikin gari shi ne yake shiru a ƙarshen wata magudana. Wanda ake yi wa dariya a tasha shi kaɗai ke kamawa a bayan wani ƙauye. Wani wurin da rani yana kamawa, da damina idan dawa ta yi tsawo itatuwa suka rufe sai ya ja baya. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na 2025 sun nuna MTN na riƙe da sama da rabin layukan ƙasar, Airtel kimanin kashi ɗaya cikin uku, Glo da 9mobile, wadda ta koma T2, suna raba sauran. Wannan lissafin ƙasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da ya kai ziyara ƙauye, ya nuna wa mahaifinsa sabuwar wayar. Tsohon ya juya ta a hannu, bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Da yake ɗan fari ne, ba ya kama sunansa.

“Kai wanga, lambar taka fa? Canza ta za ka yi?”

“A'a Baba, tana nan. Ƙari dai nake son yi.”

“To ka bar ta inda take. Ita na hardace. Ran da aka kore mu cikin dare, ba takarda zan tsaya nema ba.”

Wannan ita ce magana mafi nauyi da ya ji a makonnin uku, kuma babu ma'aikacin kamfanin da zai faɗa masa ita. A farkon zamanin wayar salula lamba ba ta da wannan daraja, tsadarta ce kawai abin magana. A Janairun 2001 NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Sim kaɗai yana kai naira dubu ashirin, minti ɗaya naira hamsin, ko da gaisuwa ce ta daƙiƙa biyar. Sai a 2003 Glo ta Mike Adenuga ta shigo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Econet ta yi ta sauya riga, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ta tsaya a Airtel a 2010, har yau akwai dattawan da ke cewa a sayo musu katin Zain. Da sim ya yi araha, mutane suka riƙa saye suna cinye garaɓasar da ke kai suna yarwa.

Yau lamba ta zama rabin shaidar mutum. Da ita aka buɗe asusun banki, ita ke karɓar alat da lambar sirrin tabbatar da ciniki, ita ke ɗaure da BVN. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka fara aika wa manoma saƙon takin tallafi ta waya, daga nan duk wani shirin tallafi ko bashin noma lambar waya yake fara tambaya. A Disambar 2020 ma'aikatar Isa Ali Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka toshe kira daga layukan da ba a haɗa ba, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumba 2024. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa aikin. Dillalin shinkafa da bai taɓa yarda da tiransifa ba ya koya a cikin mako guda, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga har rumfar mai shayi, kuma a wasunsu lambar wayar ce lambar asusun.

Shi ya sa yar da tsohon layi ya zama ganganci. Layin da aka bari wata shida ba kira ba kati, kamfani yana da damar dakatar da shi, idan aka ci gaba da barinsa a sayar wa wani. Sabon mai shi zai gaji duk saƙon da ke zuwa, har da na banki. Ƙanen mahaifin malamin ya ɗanɗana wannan. Ya yi gudun hijira, wayarsa ta faɗi a hanya, bai bi ta kan layin ba sai bayan fiye da shekara. Da aka kira lambar, wata murya ce ta amsa da harshen da ba su ji. Sunansa yana cikin jerin masu tallafi, saƙon kuma yana zuwa wa baƙo a wata jiha.

Wanda yake son barin kamfani ba tare da barin lambarsa ba yana da hanya tun Afrilun 2013. Zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da katin shaidarsa, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim mai tsohuwar lamba, kyauta. Katin da datar da suka rage a tsohon layin ne kawai ba sa biyo shi. Tun daga lokacin 0803 ta daina zama tabbacin MTN, 0802 ta daina zama tabbacin Airtel. Tsari ne mai kyau, sai dai an yi shi ne da tunanin mutumin da ke zaune wuri ɗaya yana neman wanda ya fi. Wanda rayuwarsa ta rabu tsakanin gari da gona da ƙauye ba sauyi yake nema ba, ƙari yake nema.

Duk wannan lissafi kuwa akwai ranar da ya tashi a banza, kuma babu wanda ya kai shekarun hankali a yankin da ya manta ta. Shekarar 2021 ta zo wa ƙananan hukumomin uku da masifa bi da bi. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ranar 3 ga Satumba, bisa roƙon Gwamna Matawalle, NCC ta rubuta wa kamfanonin sadarwa cewa su kashe turakunsu a faɗin Zamfara. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba, kusan wata uku. Ba da jimawa ba Katsina ta rufe ƙananan hukumomi 13, Sakkwato 14, Kaduna ma ta rufe wasu. A daidai lokacin an hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka, wato garin da sunansa ma na ranar kasuwa ne ya wayi gari ba kasuwa ba waya.

Hujjar gwamnati ba ta wofi ba ce. Da waya infoma ke sanar da 'yan bindiga motsin sojoji da wanda ya sayar da shanu, da waya ake cinikin kuɗin fansa. Amma da wannan wayar ce kuma ƙauye ke gaya wa maƙwabcinsa cewa an ga babura sun nufo, da ita ake kiran jami'an tsaro, da ita ake neman mota ga mai naƙuda. Da aka kashe, injinan POS suka zama duwatsu, 'ya'yan da ke aiko wa iyaye kuɗi daga Legas da Abuja suka rasa hanya, mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha kamar zamanin kakanni. Masu hali suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa ko birnin Sakkwato don kiran minti biyar. Rahotanni a lokacin sun nuna 'yan bindigar da ke kusa da iyaka sun koma layukan Nijar, hare-hare kuma ba su ƙare ba, sai dai labarinsu ya daina fita da wuri. Wanda ya fi kowa asara shi ne wanda ba shi da wata hanyar sai ita.

Tsofaffin Bakolori ba baƙi ba ne ga shawarar da ake yankewa daga nesa a kan abin da suke rayuwa da shi. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, manoman da madatsar ta cinye gonakinsu suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Rufe layin 2021 bai kai wannan muni ba, amma ya bar irin darasinsa: abin da aka kawo da takarda, da takarda ake ɗauke shi. Rajistar NIN ma da alƙawarin kama masu garkuwa aka tallata ta, sai ga shi a Janairun 2024 Pantami da kansa yana kokawa cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan. Talaka ya bi dogon layi an ɗauki hoton yatsunsa, mai neman fansa kuma har yau da waya yake kira.

A watannin nan uku malamin gonar ya yi kwana goma sha tara bai san halin da mahaifinsa yake ciki ba, sai da wani mai babur ya kawo masa saƙon baki. Babu layin da zai saya da zai kare shi daga maimaituwar wannan. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ƙananan mutuwar sabis na yau da kullum, na turken da dizal ya ƙare masa da na wayar ƙarƙashin ƙasa da masu aikin titi suka tsinke, kuma a nan zaɓi yana da amfani.

Batun data ya zo daga baya, kuma a nan ne tallan ya fara yin ma'ana. Ranar 20 ga Janairun 2025 NCC, ƙarƙashin Aminu Maida, ta amince da ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, na farko tun 2013. Kamfanonin ninki suka nema, suna kuka da faɗuwar naira da tsadar dizal. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, data da kira suka bi. Amma tun kafin ƙarin akwai rashin adalcin da ke cikin tsarin kansa. Shekaru da dama ana sayar da megabait 100 na kwana ɗaya a naira 100, alhali naira 1,000 tana sayen gigabait ɗaya da rabi na wata guda. Wanda ke saye kullum da ɗari-ɗari, idan ya kashe dubu, kimanin gigabait ɗaya ya samu, abin da bai cinye ba kuma ya mutu da wa'adinsa. Tsadar ƙulli ce a kan mudu, wadda duk matar da ta taɓa sayen gishiri ta sani. Mai albashi yana sayen mudu, ɗan ƙwadago yana biyan riba don ba shi da kuɗin dunƙule.

Ƙanwar malamin, ma'aikaciyar jinya ce a Bakura, ita ta riga shi shiga wannan duniya, ita ce kuma ta zaunar da shi.

“Yaya, kada ka sayi babba tukuna. Sayi ta mako ka ga cinka. Kuma kawo wayar in kashe mata abubuwan da take yi a ɓoye.”

Gaskiyarta. Sabuwar waya tana zuwa da yunwa. Daren farko manhajojinta za su hau sabunta kansu, hotuna su fara hawa intanet don ajiya, WhatsApp ya riƙa sauke kowane bidiyon wa'azi da na siyasa da aka jefa a zaure, Facebook da TikTok su kunna bidiyo tun ba a taɓa ba. Yawancin kukan “sun sace mini data” daga nan yake, ko da yake kamfanonin su ma ba waliyyai ba ne: tsare-tsarensu sun yi yawa da gangan, garaɓasar da ake ba mutum sau da yawa ta tsakar dare ce ko ta kwana biyu, kuma akwai hidimomin da ke maƙale wa layi suna tsotsar kati kullum ba tare da mai shi ya tuna ya nema ba. Tun 2023 NCC ta haɗe lambobin duka layuka: *310# don duba kati, *312# don sayen data, *323# don ganin abin da ya rage, *305# don tsayar da irin waɗancan hidimomi, 300 don magana da kamfani. Saƙo zuwa 2442 yana tsayar da tallace-tallace, 622 kuma layin ƙorafi ne na hukumar kanta, kyauta, ga wanda kamfani ya ƙi saurara.

Ta kuma gargaɗe shi kan masu sayar da data mai araha a zaurukan WhatsApp. Da yawansu sana'a suke ta gaskiya, sari suke yi su rarraba, matasa da yawa da ita suke rufin asiri. Amma idan ta ɓace ba wanda za a kai ƙara, kuma arahar tana tashi ne duk ranar da kamfani ya sauya ra'ayi. Mafi muhimmanci, data mai arha a layin da ba ya kamawa a gona ita ce mafi tsada, domin an biya ba a ci ba. Araha ba ta ado.

A ƙarshe bai zaɓi layi ɗaya ba, uku ya tashi da su, kowanne da aikinsa. Tsohuwar lambar, mai banki da NIN, wadda mahaifinsa ya hardace, ya bar ta a ƙaramar wayar. Batirinta yana kwana biyar ba caji, ba ta jan idon ɓarawo a kasuwa, kuma idan aka fizge babbar a hanya asusunsa bai tafi da ita ba. Ya sa wa sim ɗin lambar sirri, domin wanda ya tsinci layin banki buɗe yana iya gwada sa'arsa da lambobin tiransifa. A babbar wayar ya sa layin da ya fi ƙarfi a cikin gari, ya yi masa datar wata matsakaiciya, da ita yake aika rahoto da dare idan cunkoso ya ragu. Ramin na biyu ya ba layin da ke kamawa a gonakin wutsiya, wanda ya tabbatar turkensa daban ne. Shi ba ya yi masa ta wata. Ta mako yake saye lokacin noman rani da zagaye ya yi yawa, da damina kuma ya bar shi da ɗan kati.

Ya kuma sayi sim na wannan layi na uku da sunan mahaifinsa, ya kai shi gari aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa a ramin wayar tsohon da ya daɗe fanko. A ƙauyen, sabis yana tsayawa ne a kan wani tudu bayan masallacin Juma'a, inda za ka ga mutane sun ɗaga hannu sama kamar masu roƙon ruwa. Sun yi yarjejeniya: bayan La'asar tsohon zai hau tudun ya yi filashin sau ɗaya, ma'ana lafiya lau, ɗan ya kira idan yana da magana. Filashin biyu a jere, a kira yanzu. Tsohon ba ya sa kati, ya ce ba shi da wanda zai kira da ba zai iya kiransa ba. Saboda haka duk farkon wata, ranar da albashi ya shiga, malamin yana tura wa kowanne daga layukan mahaifinsa biyu naira ɗari biyu, ya kuma sa wani yaron maƙwabta ya yi kira ɗaya da kowanne, don kada kamfani ya lissafa su cikin matattu.